Suwaita biyu na jira a leda, zuciyata kuma ta ga ta uku

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. A Zariya nake, shekarata uku ina saƙa da allura biyu. Yanzu haka ina da suwaita biyu da ban ƙarasa ba. Ɗaya ta maigidana ce, saura hannu ɗaya. Ɗayar tawa ce, na kawo ta ƙirji na ajiye tun bara. Ga shi kwanan nan kullum da dare sai in kwanta ina duba hotunan tsarin saƙa a waya har barci ya sace ni. Na ci karo da wata fara mai tufka-tufka, irin wadda ake ce wa Aran, ta tsaya mini a rai. Oktoba ta kusa ƙarewa. In sayi ulu in fara, ko in danne zuciyata?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Na yi dariya da na karanta saƙonki, don in aka buɗe akwatin da ke ƙarƙashin gadona, ni ma ba zan iya kallon idon kowa ba. Ba zan ce miki ki danne zuciyarki ba. Wanda duk ya ce miki mai saƙar kirki ba ta fara wani aiki sai ta gama na hannunta, to bai zauna da masu saƙa ba. Abin da zan ce shi ne, tsakanin hoton da kika gani da rigar da za ta sauko daga allurarki akwai lissafi, kuma lissafin nan ana yin sa kafin a kashe ko kwabo. Yawancin rigunan da ke kwana a leda, tun ranar da aka fara su aka kashe su.

Bari mu fara da ita wadda ta tafi da hankalinki. Sunan Aran daga wasu ƙananan tsibirai uku ya fito, a yammacin ƙasar Ayilan, bakin tekun Atilantika, inda iska da yayyafi ba sa hutawa. Can ko a tsakiyar lokacin zafinsu da ƙyar ma'aunin zafi yake taɓa 20. Rigar ta masu fita teku da masu aikin gona a cikin wannan yanayi ce, an saƙa ta da ulun tumaki mai kauri, tufkar da ke jikinta kuma tana ninka saƙar a kan kanta, ta ƙara kauri, ta riƙe ɗumi. Za ki ji ana ba da labarin wai kowane gida na da tufkarsa, don in teku ta ci mutum a gane gawarsa da rigar. Labari ne mai daɗin ji, masu sayarwa sun ci kasuwa da shi, amma ba tarihi ba ne. Rigar ma kanta ba tsohuwa ba ce can, a farkon ƙarni na 20 ta samu siffar da muka sani.

To ke Zariya kike. A tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, asuba kan sauko wajen 13 ko 14, amma kafin azahar an doshi 30. Sanyinmu na sa'o'i ne: daga asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan isha. Na taɓa yi wa maigidana wata mai launi biyu, irin ta mutanen Aislan, wadda zare biyu ke tafiya tare a kowane layi, ɗaya a fuska ɗaya na bin baya. Wata uku na yi a kanta. Ya sa ta sau ɗaya ya tafi sallar asuba, ya dawo yana fifita da hula, gumi har gadon baya. Bai ce mini komai ba, mutumin kirki, sai dai ya ninke ta da kyau ya sa a ƙasan akwati. Daga baya wani ƙaninsa da ke aiki a Jos ya zo, muka ba shi, can ta samu gidan zama. Ba ina nufin Aran ba ta sawuwa a Zariya ba ne. Ina nufin in za ki yi ta, ki yi ta da zaren da bai kai na hoton kauri ba, ki kuma nemi tsarin mai buɗaɗɗen gaba da maɓallai, wanda za a iya buɗewa in rana ta ɗaga ba sai an tuɓe ɗankwali ba. Farin nan kuma ki sake tunani. Fari mai tufka a cikin ƙurar hunturu, kowane lungu na tufkar ma'ajiyar ƙura ne, sati ɗaya ya koma ruwan ƙasa.

Akwai wani abu da masu zana tsarin nan ba su san da shi ba, mu kuma sau biyar muke haɗuwa da shi a yini: alwala. Hannun rigar dole ya naɗu har ya wuce gwiwar hannu ba tare da an sha wuya ba, ya kuma dawo yadda yake. In tsarin ya zo da bakin hannu matsattse da tufka har wuyan hannu, ki canza shi. Ki yi bakin da saƙar nan mai miƙewa, biyu gaba biyu baya, tsawon santimita 6 ko 7, ki bar tufkar ta fara daga sama. Haka wuya: ki tuna kai mai kitso ne zai bi ta ciki.

Yanzu lissafi. Ni a ajina kowane ɗan zoben zare da ke kan allura ido muke ce masa, da shi zan yi magana. A ce faɗin rigar a ƙirji, in an zagaya, santimita 100 ne, tsawonta 60. Hannaye biyu, kowanne tsawon 45, zagayensa a matsakaici 30. Jiki ya ba ki 6,000, hannaye 2,700, jimla murabba'in santimita 8,700. Da zare matsakaici, wanda ake rubuta wa DK, a allura mai milimita 4, ana samun ido 22 da layi 30 a kowace santimita 10. In kika buga, rigar za ta ci ido wajen 57,000. Mai hannu daidai gwargwado tana yin ido 25 a minti ɗaya in saƙar miƙaƙƙiya ce, wato sa'a 38 ke nan. Amma tufka ba a yin ta ana hira. Sai kin tsaya kin ɗauke ido uku a 'yar ƙaramar allura, kin riƙe su gaba ko baya, kin saƙa na kusa, kin dawo kansu, kin leƙa takarda kin ga layin da kike. Ki ƙaddara ido 15 a minti, sa'o'in sun haura 60. In sa'a ɗaya kike samu kowane dare bayan yara sun kwanta, kuma ba fashi, ba biki, ba baƙi, ba ɗauke wuta, wata biyu ne cur. Ki fara farkon Nuwamba, ki gama farkon Janairu. Ni da ke kuwa mun san ba a wata biyu babu fashi. Gaskiyar magana, rigar nan ta hunturun baɗi ce. In kin yarda da haka tun yanzu, ba za ta zame miki nauyi a zuciya ba ranar da zafin Maris ya shigo tana rabi. Da zare mai kauri irin na Aran na asali, ido 18 da layi 24 a allura mai milimita 5, adadin zai sauko ƙasa da 38,000, ki gama da wuri, amma kin koma ga rigar ƙanin mijina.

Ki kwatanta da hannu ɗayan da ya rage a rigar maigida. Bai kai ido 9,000 ba. Sa'a shida ne. Mako guda. Bawan Allah nan saura mako guda ya sa rigarsa tun yaushe, ke kuma kina can tsibirin Aran.

Na san dalilin da hannu na biyu ke gagarar mutane, ba lalaci ba ne. A hannu na farko akwai abin da kike son gani: ya zai zauna, ina zai tsaya. Na biyu babu labari a cikinsa, maimaici ne zalla. Wani lokacin kuma ba a rubuta yadda aka yi na farko ba, bayan layi nawa aka riƙa ƙara ido, sai tsoron kada su fito ɗaya ya fi ɗaya ya hana a taɓa. In wannan ne, ki shimfiɗa hannun da kika gama a kan tabarma da rana, ki bi gefensa da ido, duk inda kika ga ƙari ki soka fil. Ki ƙirga layukan da ke tsakanin fil da fil, ki rubuta. Minti ashirin ya ishe ki. Sai dai ki kula da abu ɗaya: hannunki na bana ba lallai ya zama na lokacin da kika ajiye ba. Mai shekara uku a saƙa hannunta na canzawa, yawanci yana sakewa. In kin yi santimita 10 ki ɗora a kan na farko ki gani, in ya fi faɗi ki sauka rabin lamba a allura. Gaba kuma, in Allah ya kai mu, ki riƙa fara riga daga hannaye, ko ki ɗora su biyun a allura ɗaya mai igiya, kowanne da dunƙulensa, su tashi tare.

Taki da kika ajiye a ƙirji ita ce na fi zargi. Riga ba ta tsayawa a ƙirji haka kawai. Wurin nan ne ake fara gane gaskiya: ko ta yi kaɗan, ko ta yi buhu, ko ulun ya nuna ba zai kai ba, ko launin ya fita daga rai. Kin gani, ba ki so ki yarda, sai kika sa ta a leda don kada ku haɗa ido. Ki fito da ita. Ki zare allurar, ki bi idanun da wani zare dogo a allurar ɗinki don kada su zube, ki sa ta a jikinki a kan irin kayan da za ki riƙa sa ta a kai, rigar atamfa ce ko doguwar riga. In ta zauna, alhamdu lillahi, ki mayar da ita kan allura, ta shiga layi bayan ta maigida. In ba ta zauna ba, ki warware. Na san da ciwo. Amma ulun da ke cikin rigar da ba za a sa ba, kuɗi ne aka ɗaure. Ki warware ki naɗe shi a bayan kujera ya zama lanƙwasa mai faɗi, ki ɗaure wuri huɗu da ɗan zare, ki jiƙa a ruwa mai ɗan ɗumi minti ashirin, ki matse a tawul ba murɗawa, ki rataye a inuwa. Lanƙwashe-lanƙwashen zai ragu sosai. Wa ya sani, ƙila ma ulun sabuwar rigarki yana cikin ledar nan.

Sai babbar magana, wadda in kin manta duk abin da na faɗa ki riƙe ta: gwaji, wato ɗan guntun saƙa da ake yi a auna kafin a fara rigar. Kowane tsarin kirki yana da layi ɗaya da ke faɗin gejinsa, wato ido nawa da layi nawa ke cika santimita 10, ko inci 4 in na Amurka ne. Duk lambobin da ke cikin takardar a kan wannan layin aka gina su, da hannun wata mata da ba ki sani ba, da ulun da ba shi ne a kasuwarmu ba. Ki duba yadda ido ɗaya ke ɓata aiki. Tsari ya ce ki ɗora 220, yana nufin ido 22 a santimita 10, riga ta fito 100. In hannunki 20 yake bayarwa, rigarki 110 za ta fito. In 24 yake bayarwa, ba za ta kai 92 ba. Daga 92 zuwa 110, ai mutum biyu ne daban. Ina kyautata zaton abin da ya sami rigarki ta bara ke nan, don da kin yi gwaji da kin ambata.

Ga yadda nake so ki yi shi. Ki ɗora ido da zai ba ki aƙalla santimita 15, kada ki tsaya a 10 cif, don idanun gefe ƙarya suke yi. Ki saƙa ainihin tufkar da ke cikin tsarin, ba miƙaƙƙiyar saƙa ba, saboda tufka tana tsuke faɗi ƙwarai, ido 30 na tufka kan iya zama faɗin ido 22 na saƙar banza. Ki yi tsawon 15, ki rufe, ki auna ki rubuta. Sannan ki wanke shi yadda za a riƙa wanke rigar a gidanki, ba yadda takarda ta ce ba. In kin san yarinyar gida ce za ta dirje ta da sabulun wanki a bokiti, to haka za ki yi wa gwajin. Ki shanya a kwance, ya bushe sarai, ki sake aunawa a tsakiya, wuri biyu ko uku, har rabin ido ki ƙirga. Awon bayan wanki shi ne naki. In idanun sun yi yawa ki hau allura mafi kauri, in sun yi kaɗan ki sauka.

Gwajin nan yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya sa na ce ba sai kin danne zuciyarki ba. Abin da ke cizonki da daren nan ba riga ba ce, son ɗora sabon ido a allura ne, ki ga tufkar nan ta fito daga hannunki. Gwaji yana ba ki wannan a dare biyu, da ragowar zaren da ke gida. Na sha ganin ɗalibata ta zo tana rawar jiki a kan wani tsari, in sa ta gwaji, ta dawo bayan kwana uku ta ce, Anti, ashe abin nan ciwon wuya ne. Ta huta, kuɗinta ya huta. Wata kuma ta dawo idonta na ƙyalli, ta ce ta kasa ajiyewa har ta zarce santimita 20. Wannan ita nake ce wa je ki sayi ulu.

Maganar ulu kuwa, a nan ne hoto ya fi yaudara. Rigunan nan masu laushi kamar hazo da suka cika Instagram da Pinterest, musamman na masu zane daga Denmak da Nowe, da yawansu zare biyu ake haɗawa: ulun tumakin merino da wani siriri na gashin akuyar angora da ake kira moha, wanda Afirka ta Kudu ce kan gaba wajen samar da shi. Wannan hazo-hazon daga gashin akuyar yake, ba daga tsarin ba. Abin da ya fi yawa a kasuwanninmu, daga Sabon Garin Zariya har na Kano, ulun roba ne, akirilik. Ba na raina shi ko kaɗan, da shi muka yi wa jarirai kayan sanyi shekara da shekaru: yana jure wanki, asu ba ya cin sa, ba ya ƙaiƙayi, kuɗinsa da sauƙi. Tufka ma tana fitowa a jikinsa raɗau in zaren mai murɗi ne sosai. Amma ba zai zubo kamar na hoton ba, kuma ki san halinsa biyu. Ba ya shiri da dutsen guga, in ya ji zafi ya saki ya kwanta, ya mutu ke nan, tufkar ba za ta sake tashi ba. Ba ya kuma shiri da wuta: ulun tumaki in tartsatsi ya faɗa masa yakan babbake ya mutu da kansa, na roba narkewa yake ya manne a fata. A gidan da ake jin ɗumi da kaskon gawayi, ko ake girki da itace da sassafe, wannan ba ƙaramar magana ba ce, balle a rigar yara. Auduga kuma tana da daɗi a yanayinmu, sai dai ba ta da tsalle, tana da nauyi, riga mai tufka da auduga zalla za ta yi ta zazzagowa har ta kai cinya, hannunki ma zai gaji wajen saƙa ta. In kin samu gaurayen auduga da akirilik, shi ne zaɓina ga Zariya.

In a Ravelry kika ga tsarin, taskar tsare-tsaren saƙa da aka buɗe a 2007, kada ki tsaya a hoton mai zanen. Ki shiga inda sauran mutane suka sa hotunan tasu rigar da suka yi da tsarin. Nan za ki ga ta a jikin gajera da doguwa, mai jiki da siririya, da ulu mai tsada da mai araha, a hasken ɗaki ba na mai hoto ba. Ki nemi wadda ta yi da akirilik, mai irin jikinki. In har yanzu tana burge ki, to rigar kike so. Ki kuma duba faɗin da aka bari tsakanin jiki da riga: da yawa daga na yayin nan ana sa su da rarar santimita 15 zuwa 25, shi ya sa suke zubowa haka. Hanya mafi sauƙi ta zaɓen girma ita ce ki ɗauko rigar sanyin da kika fi jin daɗinta, ko ta gwanjo ce, ki shimfiɗa ki auna faɗinta, ki bi lambar da ta fi kusa da wannan.

Nawa za ki saya? Rigar babba da zaren DK takan ci mita 1,200 zuwa 1,400, mai tufka ki ƙara mata wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Matsalar ita ce ulunmu sau da yawa ba a rubuta mita a jikinsa, wani ma ko takarda babu. Kaurinsa za ki iya ganewa da rula: ki naɗa zaren a jikinta, ba ja ba cunkusawa, ki ƙirga naɗi nawa ya cika inci ɗaya. Wajen 11 DK ne, 8 ko 9 mai kauri ne, 14 siriri ne, irin wanda za ki haɗa biyu. Yawan kuma gwajinki zai gaya miki. Ki ɗora shi a ɗan sikelin masu yin kek. A ce gwaji mai 15 da 15, wato murabba'i 225, ya yi giram 10. Rigar 8,700 ta ninka shi kusan sau 39, giram 390 ke nan. Ki ƙara na wuya da bakin maɓallai da na ko-ta-kwana, ki sayi 450 ko 500.

Kuma ki saye shi duka rana ɗaya, daga ƙunshi ɗaya. Wanda ya taɓa zuwa marinar Ƙofar Mata ya san tsomi biyu ba sa fitowa launi ɗaya sak, ko da hannu ɗaya ne ya yi. Kamfani ma haka ne, shi ya sa ulu mai takarda ke da lambar launi da lambar rini, kuma ta biyun ita ake dubawa. Na taɓa sayen ulu ruwan toka, rabin abin da nake buƙata, na ce in kuɗi sun shigo in cika. Bayan wata ɗaya na koma, mai shagon ya rantse mini iri ɗaya ne, a cikin shagon ni ma na ga ɗaya ne. Sai da na gama riga, na wanke, na shanya a tsakar gida, rana ta haska ta, na ga layi ya ratsa ƙirji kamar an ja da rula, sama na hararar ƙasa. Ba laifinsa ba ne, nawa ne. In hakan ta kama ki dole, ki riƙa layi biyu da tsohon, biyu da sabon, na tsawon 'yan santimita, bambancin zai narke. In kuɗin sayen duka bai samu ba yanzu, to wannan kansa amsa ce: lokacin farawa bai yi ba.

In gwaji ya ƙi daidaita da tsarin ko ta yaya, kina da mafita, amma ba a Aran ba. Wata gwanar saƙa, Elizabeth Zimmermann, haifaffiyar Ingila da ta zauna a Amurka, ta bar mana lissafi mai sauƙi na rigar da ake saƙawa a zagaye ba ɗinki. Ki buga gejinki da faɗin da kike so, abin da ya fito shi ne ɗari bisa ɗari. Bakin hannu kashi 20 na wannan, damtse kashi 33, hammata kashi 8, wuya wajen kashi 40. In jiki ido 200 ne, bakin hannu 40, damtse 66, hammata 16, wuya 80. Da wannan, da kowane ulu kika samu a kasuwa za ki fitar da riga daidai jikin mai ita, sai ki dasa tufka ɗaya tal a tsakiyar gaba ko a bin hannu, ki ƙara mata ido kaɗan saboda tsukewa. Ni a ganina, ga mai shekara uku a saƙa da ke zaune a ƙasa mai zafi, wannan ta fi cikakkiyar Aran amfani nesa ba kusa ba. Amma na san zuciya, in ta ce waccan, waccan ce.

Saboda haka ga yadda zan yi in ni ce ke. Yau da dare, maimakon waya, in ɗauko ragowar zare in fara gwajin tufkar. Gobe da rana in fito da tawa ta bara in gwada, in yanke mata hukunci a ranar, kada ta koma leda ba matsaya. Daga jibi, sa'ar dare ta zama ta hannun rigar maigida har ya ƙare, a haɗa, a yi wuya, ya sa abarsa kafin sanyi ya kankama. A cikin makon nan gwaji ya bushe, an auna, an ɗora a sikeli, kin san ko giram nawa kike nema da ko nawa za su ci. In har ranar da maigida ya sa rigarsa tufkar nan tana nan a ranki, ki tafi kasuwa da gwajin a jaka. In kuma kina so ki ɗanɗana ba tare da kin ɗauki nauyin wata biyu ba, ki yi hular sanyi da tufkar, ko 'yar rigar yaro ɗan shekara biyu, duk abin da babbar za ta koya miki yana ciki.

Abu na ƙarshe, tunda hunturu za ki yi aikin: kaushin hannu yana kama zare ya tsattsage shi, akirilik ma ya fi. Ki shafa man kaɗanya ko basilin tun da magariba ya shige fata, ba dab da za ki ɗauki allura ba, in ba haka ba duk maiƙon a jikin ulu zai ƙare, ƙura ta bi shi. In kin wanke gwajin, ki turo mini awonsa na kafin wanki da na bayan wanki, da faɗin rigar da kika auna, in taya ki fitar da adadin idon da za ki ɗora.